Tantuna Shida na Baba Mai Tamfol

Kafin masu shaguna su gama cire kwaɗunansu, Baba Mai Tamfol ya riga ya share ƙofar shagonsa, ya ɗiga wa keken ɗinkinsa mai, ya zauna. Haka yake yi shekara arba'in da ɗaya. Shagon ma ba wani shago ba ne. Ɗaki ɗaya ne a tsakanin mai walda da mai gyaran rediyo, da taga guda, da dogon tebur wanda almakashi ya gama yi wa zane. Warin tamfol da na kakin zuma su ke fara yi wa baƙo maraba. Da hantsi matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, takan kawo masa shayi, ta zauna a kan buhun guntaye, ta zura zare a basilla goma ta soke su jere a jikin wani tsohon soso. Da can ba aikinta ba ne. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta kama shi, kafar allura ta daina ganuwa.

"Inna, yau fitilar nan ba ta haske," yakan ce.

"Fitila lafiyarta ƙalau, Malam. Mai fitilar ne ya tsufa."

Ya ɗinka wa manyan motoci rufi, ya ɗinka wa 'yan kasuwa rumfa, ya ɗinka wa makanikai jakar sifana da ba ta yagewa. Ba a taɓa sa hotonsa a jarida ba, ba a taɓa kiransa taro an ba shi kujerar gaba ba. To, yabon gwani ya zama dole, kuma mu ba za mu jira sai ya bar duniya sannan mu tashi yabonsa ba. Yana nan da ransa, yana shan shayinsa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne aikinsa na ƙarshe, wanda ya yi a daminar da ta wuce.

A lokacin ya riga ya sanar da maƙwabta cewa zai ajiye aiki. Likita ya sa ranar da za a yi masa aikin ido, saura kwana takwas. Har ya fara rarraba kaya, ya ba wannan guduma, ya ba wancan zobban igiya. Ana cikin haka, wata safiya, amalanke ya tsaya a ƙofar shagon da wasu ƙunsuna shida, malamin sikawut na makarantar unguwa yana biye da shi. Wannan malami kowa Mai Usur yake ce masa, domin ko ɗaurin aure zai je usur ɗinsa na wuya. Mutum ne mai babbar murya, amma a ranar ko sallamarsa da ƙyar ta fito.

Baba bai ga fuskarsa sosai ba. Hanci ne ya ba shi labari tun kafin a kwance igiyar farko.

"Da ruwa ka naɗe su," ya ce.

Mai Usur ya sunkuyar da kai. "Bara ne, Baba. Ranar tashi daga zango aka yi yayyafi, mota na jira, direba na danna oda. Na ce mu naɗe, in mun isa gida na shanya. Muna isowa aka kira ni, mahaifiyata tana asibiti. Na zuba su a sito na kulle. Wallahi sai makon jiya na tuna."

Mai koya wa yara cewa ba a naɗe tanti da danshi, shekara ashirin yana faɗa yana nanatawa, shi ne ya naɗe shida ya kulle wata goma sha ɗaya. Baba ya so ya yi masa faɗa, domin da hannunsa ya ɗinka tantunan nan tun Mai Usur yana saurayi. Amma ya ji muryar mutumin, ya gane ya riga ya yi wa kansa faɗan da ya isa. Sai ya ce a warware.

Fumfuna ta yi ɓarna. Inda aka ninke ya yi baƙi, wani wurin in ka danna babban yatsa sai ya wuce.

Ga wanda bai san irin wannan tanti ba, bango uku gare shi, rufinsa ya gangara baya, gabansa a buɗe. Ƙyallen gaban ana ɗaga shi a kan sanduna biyu ya zama rumfa. In an kafa shida a zagaye, suna fuskantar tsakiyar fili, iska na shiga, yara na ganin juna, malami kuma na ganin kowa. A kan wannan sharaɗi ne shugaban makaranta da iyaye suka yarda yara arba'in da biyu, maza da mata, su tafi zango na kwana uku. Shugaban makarantar ya faɗa wa Mai Usur ƙarara cewa in babu irin waɗannan tantuna, babu tafiya. Saura kwana goma sha biyu. Cikin yaran akwai goma sha ɗaya da za su bar makarantar a ƙarshen shekara, shekara uku suna koyon ƙulla igiya da hura wuta suna jiran layi ya zo kansu.

"Kwana huɗu ina yawo a kasuwa," in ji Mai Usur. "Duk inda na shiga, na leda ne masu zif. Wani ya ce mini wai na zamani ne, yaro ya shiga ya zuge, ko sauro ba ya ganinsa. Na ce masa ai ni ma ba na ganinsa ke nan. Da na kwatanta wa wani irin namu, sai ya ce, 'Alhaji, rumfar mai shayi kake nema?' Baba, ban faɗa wa yaran ba tukuna. Ban san da wane baki zan faɗa ba."

Baba ya durƙusa ya fara bin tamfol ɗin da yatsa, taƙi bayan taƙi. Ya daɗe yana yi. Inda ƙyalle ya riƙe sai ya wuce, inda ya saki sai ya ce Inna ta yi alama da alli. Da ya gama ya ce rabi ya mutu, rabi na da rai. Sannan ya ce wa mai walda, maƙwabcinsa da ake kira Tartsatsi, ya hau tebur ya sauko masa da abin da ke kan azara. Bandir ne na tamfol ɗin auduga na ainihi, irin wanda ba a samu yanzu, shekara tara yana ajiye a can cikin takarda.

Da Mai Usur ya tafi, Inna ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ranar likita fa?"

"A ɗaga."

"Wata huɗu muka jira kafin a ba mu wannan ranar."

"To mu ƙara ɗaya."

"Da wane idon za ka ɗinka? Jiya fa ka gaida tulu, ka ɗauka ƙanwata ce."

"Ai sun yi kama," ya ce.

Ta yi ƙoƙarin ɓata rai, dariya ta ci ƙarfinta. Amma tsoro na nan a zuciyarta, shi ma yana nan a tasa. Ya san abin da yake gani yanzu bai wuce haske da inuwa ba. In ɗinki ya karkace, ruwa zai zuba a kan 'ya'yan mutane, kuma ba zai samu wata dama ta gyara sunansa ba. Ya roƙe ta abu ɗaya, kada ta gaya wa Mai Usur yadda idon ya kai. Mutumin da ke ɗauke da kaya ba a ɗora masa dutse.

Washegari Mai Usur ya zo da sassafe yana tsammanin jin ƙarar keke. Sai ya tarar da Baba a bayan shago, shi da Tartsatsi, suna cusa sabon tamfol cikin duro biyu cike da ruwa.

"Baba, me ake yi?"

"Wanka."

"Har yaushe?"

"A jiƙa a shanya, a jiƙa a shanya, sau uku. Kwana uku, in rana ta ba da haɗin kai."

Nan Mai Usur ya kusa yin kuka. Ya ƙirga kwanakin da yatsu a gaban tsohon, ya ce saura goma sha ɗaya, in aka ba ruwa uku me ya rage? Ya ce sabon ƙyalle ne, fes, me zai wanke a jikinsa? Ya ce a yanka kawai a ɗinka, in an dawo daga zango a jiƙa shi har shekara in ana so.

Baba bai yi gardama ba. Ya ɗauki almakashi ya yanko zirin sabo, ya yanko zirin tsoho, ya daidaita tsawonsu har Mai Usur ya shaida. Ya tsoma su a duro, ya rataye a igiya, ya ce masa ya je makaranta ya dawo bayan an tashi. Da ya dawo da yamma aka haɗa su. Tsohon na nan yadda yake. Sabon ya gajarce da yatsa biyu.

"Ka gani, ɗana," in ji Baba. "Tsohon ya sha ruwansa tuntuni, ya ja jikinsa ya gama. Sabon bai san ruwa ba. In na haɗa su haka, ruwan farko da zai sauka, sabon zai ja, tsohon ba zai bi ba, sai ya yage a kan layin allura daga sama har ƙasa. Wannan ziri kamu ɗaya ne. Rufin tanti kamu takwas ne. Ka lissafa, ai kai ne malami."

Mai Usur ya tsaya yana juya zirin biyu a hannunsa.

"Sauri ya haifi nawa," Baba ya ƙara. "Sauri ne ya kawo ka nan, kada ya mayar da kai."

Daga ranar Mai Usur bai sake musu ba. Kullum in an tashi daga makaranta sai ya zo ya naɗe hannun riga, ya ja jiƙaƙƙen tamfol mai nauyin tsiya, su baza a kan katangar bayan shago. Rana ta biyu hadari ya haɗu, suka yi ta kallon sama kamar manoma, Allah ya sa iska ta kore shi.

Yadda aka yi ɗinkin kuwa, Tartsatsi ne ya ba mu labari, domin bango ɗaya ne tsakaninsu. Ya ce Baba ya kira shi ya ce ya liƙa masa ɗan guntun ƙarfe a jikin keken, daidai faɗin yatsa daga allura. Bai tambayi dalili ba, shi ma Baba bai faɗa ba, amma duk sun sani. Ƙarfen nan ne ya zame masa ido. Yakan jingina gefen ƙyalle a jikinsa ya taka feda, ɗinki ya tafi ɗoɗar. Awo kuma da igiya mai ƙulli yake yi, kowane ƙulli kamu ɗaya. Inna ta ja layi da alli ta ninke a kan layin, shi ya goge da bayan almakashi har ya yi kaifi, sannan ya bi kaifin da yatsa yana yanka. Kusurwoyi da wuraren ɗaura igiya, inda keke ba ya shiga, da basilla ya yi su, yana goga zaren da kaki, fatar tura allura a tafin hannunsa.

"Sau nawa allura ta soke shi ban ƙirga ba," in ji Tartsatsi. "Sai dai na ji keke ya tsaya, na ji Inna ta ce, 'Kawo in ɗaure.' Rana ta huɗu yatsunsa uku ne a naɗe. Na ce, Baba, ka zama kamar mu 'yan walda. Ya ce a'a, shi bai kai mu wauta ba."

Akwai ranar da rufin tanti na huɗu ya karkace. Ƙyalle ya zame daga ƙarfen bai sani ba, ya tafi kamu uku a haka. Da ya shafa ya ji, sai ya zauna ya zuba tagumi. Inna ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya zauna haka a gaban keke ba. Ta ce masa karkatar ba ta kai a kula ba, ba wanda zai gani. Ya ce ruwa zai gani. Ya ɗauki reza ya warware kamu ukun zare bayan zare, rabin yini ya tafi a nan.

Kwana shida aka yi ana ɗinki. Saura biyu, aka kafa tantunan a filin makaranta aka yi musu feshi da tiyo har suka jiƙe sharkaf, domin zare ya kumbura ya toshe hudar allura. Suka bushe, shugaban makaranta ya zagaya ya leƙa ya ja igiya, ya sa hannu a takarda. Tantuna shida, kowanne rabi fari rabi ruwan ƙasa, kamar rigar da aka yi wa faci. Yaran ba su damu da launi ba, tsalle kawai suke yi.

Feshin tiyo dai ba ruwan sama ba ne, kuma Baba ya fi kowa sanin haka. Ranar farko ta zango bai iya zama a shago ba. Rana ta biyu da azahar iska ta juya, ya ji ƙamshin ruwa, ya buga bangon Tartsatsi ya ce ya tada motarsa su tafi zangon. Inna ta ɗauko lema ta bi su tana cewa ita dai ba ta ga tsohon da ke bin hadari da gudu ba sai nata.

Suna isa ruwa ya sauko. Mai Usur ya busa usur, yara suka zagaya suna sassauta igiyoyi, domin igiya ma in ta jiƙe ja take yi ta tumɓuke turke. Baba ya ji su suna yi, ya gyaɗa kai. Sannan kowa ya shige tantinsa. Ruwa ne na gaske, mai iska, wanda ya ɗauki fiye da awa ɗaya.

Baba bai zauna ba. Inna na riƙe da lema, ya bi tantunan ɗaya bayan ɗaya. In ya shiga sai ya ce wa yaran kada wanda ya taɓa rufi, ya ɗaga bayan hannunsa ya bi ƙarƙashin kowane ɗinki a hankali, bai taɓa ƙyallen ba, yana jiran ɗigo. A na huɗu ya fi daɗewa. Ya bi layin da ya warware sau biyu. Da ya fito daga na shida wandonsa ya jiƙe har gwiwa, takalmansa sun cika da laka, bayan hannunsa kuwa a bushe. 'Yan matan tanti na biyu suka ɗauko waƙa, mazan da ke fuskantarsu suka amsa ta cikin ruwan.

Da aka ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Mai Usur ya kamo hannun Baba ya kai shi tsakiyar fili, murna ta hana shi tsayawa wuri ɗaya.

"Baba, dubi yadda suka tsaya. Dubi na uku can, ko lanƙwasa babu. Ka ga tururi na tashi daga rufin?"

Baba ya fuskanci inda ake nuna masa.

"Ban gani ba, ɗana."

"Can fa, ta hannun damanka."

"Ba na ganinsu. Tun da na fara ɗinkin ban ga ko ɗaya ba. Haske nake gani, da wasu inuwoyi."

Mai Usur ya dubi Inna. Ta kawar da kai tana naɗe lema. Ya dubi yatsun tsohon, ya dubi tantunan.

"Kada ka tsaya mini shiru," in ji Baba. "Faɗa mini yadda suke."

Sai Mai Usur ya share fuskarsa da hannun riga ya fara. Ya ce na farko rumfarsa ta ɗan tara ruwa, yara biyu suna tura shi da sanda. Ya ce a na biyu an jera takalma a baki, an shanya bargo a kan igiya. Ya ce na huɗu ya fi duka miƙewa. Ya bi su har shida, bai bar komai ba. Baba na tsaye cikin laka yana saurare, yana murmushi, yana cewa, "To. To. Sai kuma me?"

Baba Mai Tamfol, kai ne mai basillar da ba ta ha'inci. Kai ne ka warware kamu uku saboda karkatar da ba mai gani. Ka ɗaga ranar idonka don yara arba'in da biyu da ba ka haifa ba, kuma ba ka bari an sani ba sai da aiki ya tsaya da ƙafarsa. Mun gode. Iyayen yaran sun gode, da yaran da za su kwana a tantunan nan nan da shekara goma ba su san sunanka ba. Inna, ke ma mun gode, rabin wannan yabo naki ne, ki karɓa ko Malam ya yarda ko bai yarda ba.

An yi masa aikin idon bayan mako shida, na dama ya buɗe, na hagu yana jiran layi. Ya ajiye ɗinki kamar yadda ya ce. Amma duk ranar Asabar yana buɗe shagon, ya fito da benci, ya koya wa duk wanda ya zo yadda ake haɗa tamfol da tamfol. Ba ya tambayar takardar makaranta, ba ya korar mai hannun hagu. Masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku gyara abin da mai kaya ba zai gani ba. Sauranmu kuma, mu leƙa layinmu, akwai irinsa a can yana tsufa ba wanda ya ce masa sannu. Bencin nan na ɗaukar mutum huɗu. A Asabar ɗin da ta wuce mutum biyu ne a kai, Mai Usur da wata malamar lissafi, Baba na tsaye a kansu yana cewa su warware su sake.